Yadda ƙungiyar masu kallon taurari za ta shirya wa jama'a daren leƙa sama

Baƙon da ya zo daren kallon taurari da wuya ya wuce minti ɗaya da idonsa a bakin na'urar hangen nesa. Ga mafi yawan mutane wannan ne karo na farko, wasu kuma daga shi ba za su ƙara ba. Saboda haka duk shirin da ƙungiya za ta yi, tun daga sa rana har zuwa inda za a ajiye motoci, hidimar wannan mintin ake yi. Inda ƙungiyoyi suka fi yin tuntuɓe shi ne su shirya wa jama'a irin daren da suke shirya wa kansu: a nemi wuri mai nisa da duhu, a zaɓi daren da babu wata, a saita na'ura kan wani dishi-dishin haske da sai masani ya san darajarsa. Baƙo ya leƙa, bai ga abin kirki ba, ya ce "ya yi kyau" don kara, ya kama gabansa.

Wata ne zai sa muku rana

Kafin ku tambayi wane ne ke da sarari a wace Asabar, ku duba kwana nawa wata zai yi a sama a daren da kuke hange. Abin da kuke nema shi ne wata ɗan kwana 5 zuwa 9, wato daf da rabinsa na farko ko kaɗan bayansa. A waɗannan kwanaki rana na faɗuwa kuna da shi a sama ya yi tsayi, ba zai faɗi ba sai wajen tsakar dare, kuma ana iya kallonsa a na'ura tun kafin duhu ya gama shiga, abin da ke da amfani ƙwarai idan akwai ƙananan yara da za a mayar gida da wuri.

Mutane da yawa na zaton daren da wata ya cika shi ne daren kallo. A na'ura shi ne mafi muni. Rana na dukan fuskarsa kai tsaye, babu inuwa ko ɗaya, sai farin faifai mai kashe ido, ga shi kuma haskensa ya shafe sauran taurari. A rabin wata kuwa, kan layin da ya raba haske da duhu, rana tana ƙasa-ƙasa a can, kowane dutse ya ja doguwar inuwa, kowane rami bakinsa ya yi haske cikinsa ya yi baƙi ƙirin, kamar yadda fitilar mota ke tona ramukan hanya da dare waɗanda da tsakar rana ba ka lura da su ba. A kan wannan layi za ku riƙa ajiye na'ura. A kwana 5 zuwa 6 akwai ramuka uku a jere, Theophilus da Cyrillus da Catharina, na farkon faɗinsa ya kai kimanin kilomita 100. A kwana 7 zuwa 8 tsaunukan Apennine ke fitowa, wasu sun kai tsayin kilomita 5. A wajen kwana 9 sai ramin Copernicus, mai faɗin kilomita 93, da matakalai a bangonsa da duwatsu a tsakiyarsa. Duk wanda zai tsaya kan na'urar wata ya haddace sunaye biyu ko uku na wannan daren, sun ishe shi.

Bayan wata sai duniyoyi. Ku buɗe manhajar Stellarium, kyauta ce, ku sa mata wurinku da ranar da awar, ku ga abin da zai kasance a sama. Idan Zuhal na nan, kun gama samun abin da za a tafi ana labari. Zobensa na fitowa ko a ƙaramar na'ura. Sai dai ku sani cewa a watan Maris na 2025 zoben ya juyo mana gefensa har ya kusa ɓacewa, abin da ke faruwa kusan duk shekara 15, kuma yanzu a hankali yake sake buɗewa shekara bayan shekara. Mushtari na zuwa da manyan watanninsa huɗu, Io da Europa da Ganymede da Callisto, waɗanda Galileo ya gani a Janairun 1610. Zara na nuna siffa irin ta wata, wani lokaci rabi, wani lokaci lauje. Mirrihi kam kada ku yi alkawarinsa a sanarwa sai idan ya kusanto, kuma duk wata 26 yake yin haka. Sauran lokaci ɗan jan ɗigo ne kawai.

Idan kuna so ku jingina taronku da wani na duniya, akwai daren kallon wata na ƙasa da ƙasa da hukumar NASA ke jagoranta tun 2010, a Satumba ko Oktoba, kuma da gangan ake ɗora shi kusa da rabin wata. Akwai kuma Makon Sararin Samaniya na Duniya, 4 zuwa 10 ga Oktoba, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi a 1999. Amma idan waɗannan ranaku sun faɗo cikin lokacin hadari ko hazo a inda kuke, ku bar su. Sararin sama mai tsabta ya fi sunan taro. Ku sa rana ta biyu tun yanzu, washegari ko jibi, don idan kuka ɗaga da mako guda watan ya riga ya cika. Tsawon taro awa biyu zuwa biyu da rabi ya wadatar.

Wuri: kusa da mutane

Tunda wata da duniyoyi ne jarinku, hasken gari ba zai hana ku komai ba. John Dobson, wanda irin na'urar nan mai sauƙin girki ke ɗauke da sunansa, a gefen titunan San Francisco ya riƙa kafa tasa tun ƙarshen shekarun 1960, yana kiran masu wucewa su zo su ga wata. Filin makaranta, harabar ɗakin karatu, wurin shaƙatawa, duk inda mutum zai iya zuwa da ƙafa ko da abin hawa ba tare da fargaba ba, ya fi tsauni mai duhu da sai mai mota zai kai.

Ku je ku ga wurin da dare, a daidai awar da za ku yi taron. Da rana ba za ku san cewa akwai wata fitilar tsaro da ke kunna kanta ta haske filin fes ba, ko cewa bishiyar da ke yamma ita ce za ta haɗiye Zara minti ashirin bayan kun fara. Hasken da ya game sararin gari ana iya haƙuri da shi. Wanda ke shiga ido kai tsaye shi ne abokin gaba. Ku tambayi wa ke riƙe da makunnin fitilun, ku karɓi lambarsa, ku tabbata zai kasance a wurin a daren. Ku duba ƙasa: ciyawa ko turɓaya mai tauri sun fi kwalta da siminti, domin waɗannan na shan zafin rana su riƙa sakinsa da dare, iskar da ke tashi daga kansu ta sa hoto ya riƙa rawa. Saboda wannan dalilin ma ba a so na'ura ta kalli sama ta kan rufin gini. Idan filin na da famfunan ban ruwa masu tashi da kansu, a kashe su. Wurin ajiye motoci ya kasance inda fitilunsu ba za su share filin ba duk lokacin da wani ya shigo ko ya fita. A samu makewayi a buɗe, da hanyar da keken guragu zai bi har gaban aƙalla na'ura ɗaya.

Izini kuwa a rubuce, daga mai wurin ko hukumar da ke kula da shi, da awar shiga da ta fita. A wasu ƙasashe za a nemi takardar inshora kafin a ba ku fili, don haka ku tambaya da wuri. Yara kuma su zo da babba. 'Yan ƙungiya ba za su iya riƙe na'ura su riƙe 'ya'yan mutane a cikin duhu ba.

Na'ura nawa, mutum nawa

Lissafin ba shi da wuya. Idan kowane baƙo zai ci minti ɗaya, da hawa tsani da sauka da sake saiti, na'ura ɗaya ba za ta sallami fiye da mutum 40 zuwa 50 a awa ba. Mutum 150 da na'ura biyu layi ne na rabin awa don kallon abu ɗaya, kuma kafin ya zo kansu yara sun gaji. In na'urorinku kaɗan ne, ku rage gayya ko ku raba mutane rukuni-rukuni da awanni daban.

Kowace na'ura a ba ta abu ɗaya ta tsaya a kansa: wannan ta wata, waccan ta Zuhal, ta can ta Mushtari. A rubuta sunan a kwali a rataye inda za a gani. Baƙo ya san layin da zai bi, mai na'ura kuma ba zai ɓata lokaci yana farautar sabon abu mutum ashirin na tsaye ba. Idan kowa ya zaɓi abin da ransa ke so, sai ka tarar na'ura biyar duk suna kan wata.

Kada ku yi kwaɗayin girman hoto. Ana samun yawan ninkin ne ta raba tsawon zangon hasken na'ura, wato tazarar da ke tsakanin madubinta da inda hoto ke haɗuwa, da na gilashin leƙe: na'ura mai milimita 1200 da gilashin leƙe mai milimita 25 na ba da ninki 48, da mai milimita 10 kuma ninki 120. Duniya na juyawa digiri 15 a awa, don haka a na'urar da ba ta da injin bin taurari abin da ka saita tafiya yake yi. A ninki 48 yana ɗaukar wajen minti huɗu kafin ya ratsa fili daga gefe zuwa gefe. A ninki 120 bai kai minti biyu ba, daga tsakiya zuwa baki kuwa ƙasa da minti ɗaya. Ga taron jama'a, 50 zuwa 80 ya ishi wata, Zuhal da Mushtari kuma wajen 100. Na'urar da ke da inji ita za a ba duniyoyi. Gilasan leƙenku masu tsada ku bar su a gida, domin a wannan dare za su sha yatsu da gashin ido da kwalli.

Madubin hange mai ido biyu, 7x50 ko 10x50, a ɗaure kan ƙafafu uku, tasha ce mai zaman kanta. Kaza da 'ya'yanta sun fi kyau a cikinsa fiye da a babbar na'ura, wadda ba ta iya ɗaukarsu gaba ɗaya. Yana kuma nuna wa baƙo cewa ba sai da manyan kaya ake fara wannan sha'awa ba.

Ta fannin mutane, in da hali kowace na'ura ta samu biyu: ɗaya a bakin gilashi, ɗaya yana hira da 'yan layi yana shirya su. Sai mai tarbar baƙi a ƙofa, da mai kula da motoci, da mutum ɗaya wanda ba ya riƙe da komai, yana zagayawa, shi ke yanke shawara idan wani abu ya taso. Sabon ɗan ƙungiya da ke jin bai san komai ba, a sa shi kan wata. Cikin rabin awa zai ƙware.

Abin da aka fi mantawa shi ne ɗan tsani mai mariƙi. Yaro da aka ɗaga a hannu ba ya iya tsayar da kansa, ba abin da zai gani. Mariƙin kuma na ba hannu aikin yi, in ba haka ba gilashin leƙe zai cafka. Sai tocila masu jan haske, ko farare da aka rufe da jar leda, domin ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske kuma na rushe wannan nan take. Sai tef mai ƙyalli a ƙafafun na'urori, da akwatin taimakon gaggawa, da batura na ajiya. Koren leza na nuna taurari yana da amfani, amma mutum ɗaya ko biyu kawai za su riƙe shi, ba ya shiga hannun yaro, ba a nuna shi ƙasa-ƙasa inda idanun mutane suke, kuma da an ji ko an ga jirgin sama a kashe. Haska jirgi laifi ne a ƙasashe da yawa, wasu kuma sun ƙayyade ƙarfin lezar da aka yarda a riƙe, miliwat 1 ko 5. Ku san dokar inda kuke.

Sanarwa

Mako biyu zuwa uku kafin ranar ya isa. A faɗi wuri, awar farawa da ta tashi, abin da za a gani, da inda za a duba a ranar idan an ɗaga saboda hadari, da ƙarfe nawa za a yanke wannan hukunci. A ce a zo da rigar sanyi, don tsayuwa wuri ɗaya da dare na sa sanyi ko a lokacin zafi. Abu ɗaya da zan nace a kai: kada ku sa hoton da Hubble, babbar na'urar hangen nesa da ke shawagi a sararin samaniya, ta ɗauka a takardar gayya. Wanda ya zo da wannan hoton a kansa zai raina duk abin da kuka nuna masa. Hoton wata da ɗayanku ya ɗauka da waya ta bakin na'urarsa ya fi gaskiya, ya kuma fi jan mutane.

Kafin baƙi su iso

Ku isa wurin awa ɗaya da rabi kafin faɗuwar rana. Babban madubin da ke cikin na'ura na buƙatar rabin awa zuwa awa guda kafin zafinsa ya daidaita da iskar waje, kafin nan hoto ba zai tsaya ba. Ku daidaita madubai tun da sauran haske. Ku saita 'yar ƙaramar na'urar nema da babbar a kan wani abu mai nisa, kan turken waya ko ƙololuwar gini, a ɓangaren da ba rana. Muddin rana na sama, ba a barin na'ura a buɗe ba mai tsaro; a rufe bakinta a juya ta.

Ku bar tazarar taku biyar ko shida tsakanin na'urori, layin kowacce ya miƙe ta inda ba zai ratsa gaban wata ba. Wayoyin lantarki a manne su a ƙasa ko a yi aiki da batir. Sannan ku taru minti biyar: wa ke kan me, ina akwatin magani, wa za a kira idan yaro ya ɓace wa iyayensa.

Jawabin maraba kada ya wuce minti biyar, kuma za a maimaita shi ga kowane rukuni da ya shigo, domin mutane ba sa zuwa lokaci ɗaya. Ƙa'idoji uku sun isa: ba farin haske, ba gudu, ba taɓa na'ura. Dogon bayani da majigi a ajiye shi don daren da girgije ya rufe.

Mintin da aka zo dominsa

Kai da ke bakin na'ura, kafin kowane mutum ka leƙa da kanka, na daƙiƙa biyu. Abin ya gusa, ko wanda ya gabata ya ture bututun da kafaɗa bai sani ba. Idan na'urarka ba ta da inji, kada ka ajiye Zuhal a tsakiya. Ka ajiye shi a gefen da yake shigowa, yadda zai ratsa tsakiya lokacin da baƙon ya gama daidaita idonsa.

Nuna masa inda zai sa ido, da yatsa. Abin dariya ne amma da yawa za su nufi ƙasan bututu, ko su leƙa 'yar na'urar nema. Ka ce masa ya sa hannuwa a baya ko ya riƙe tsani, ya matso da ido a hankali har haske ya bayyana. Idan wata ake kallo, kai ma za ka iya gani: wani ɗan farin ɗigon haske na fita daga gilashin ya sauka a fuskarsa. In ka gan shi a kan kunci ko gira, bai ga komai ba tukuna, ko da ya ce ya gani. Ka ce "ɗan yi sama kaɗan, matso hagu," har ɗigon ya hau ƙwayar idon. A nan za ka ji muryarsa ta canza, ba sai ka tambaya ba.

Kada ka ce "ka gani?" Kowa zai ce e, musamman yara da masu jin kunyar tsayar da layi. Ka ce "me kake gani?" ko "ɗigo nawa ka ƙirga a gefen Mushtari?" In ya ce uku alhali huɗu ne, ka ce ya ƙara dubawa kusa da jikin duniyar. In ya ce baƙi kawai yake gani, ka karɓa ka sake saiti, ba tare da ka sa ya ji kamar laifinsa ba ne. Mai tabarau ya fara gwadawa da shi. In filin ya yi masa ƙunci ya cire, ka nuna masa abin murzawa ya daidaita wa idonsa, ka mayar bayan ya tafi. Yaro ƙarami da ba ya iya kanne ido ɗaya, ya rufe shi da tafin hannu.

Sannan ka yi shiru. Wannan shi ne abin da ya fi yi wa masu ilimin abin wuya. Mutum ba ya iya kallo da sauraro lokaci ɗaya a karonsa na farko. Ka ba shi daƙiƙa goma sha biyar shi da abin da yake gani, sai ka jefa masa magana ɗaya tak wadda zai iya ɗauka ya kai gida. Hasken Zuhal da ke shiga idonka ya fi awa ɗaya yana tafe. Ɗigon nan na kusa da Mushtari, Io, yana zagaye shi cikin awa 42, in ka dawo gobe ba a nan za ka same shi ba. Shimfiɗar nan mai duhu a wata, a nan kumbon Apollo 11 ya sauka ranar 20 ga Yulin 1969. Sauran bayanin aikin abokinka ne da ke hira da 'yan layi.

Idan duhu ya yi sosai kuma layi ya ragu, sai a juya na'ura ɗaya kan abubuwa masu nisa. Daga Disamba zuwa Maris akwai gajimaren Orion, a ƙasan taurari ukun nan da ke jere, mai nisan tafiyar haske ta kimanin shekara 1,350, inda sabbin taurari ke samuwa. Daga tsakiyar shekara akwai Albireo, tagwayen taurari, ɗaya ruwan zinariya ɗaya shuɗi, wanda hasken gari ba ya ɓata shi. Kafin mutum ya leƙa gajimare ka gaya masa gaskiya: farin hazo zai gani, ba launi. Ka koya masa ya kalli ɗan gefe maimakon tsakiya, domin gefen ido ya fi kama haske mai rauni.

Kowa zai so ɗaukar hoto da waya, kuma daidaita kyamarar waya da gilashin leƙe na cin minti uku. Ku ware na'ura ɗaya ta wata, da maƙalin waya a jikinta, ku tura masu son hoto can. A sauran layuka ido kawai.

Tambayoyin da ba sa wucewa

"Ina iyakar nisan da take gani?" Amsar da ta fi gamsarwa ita ce ko ido tsirara, a wuri mai duhu, yana ganin dandazon taurarin Andromeda mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan biyu da rabi, aikin na'ura tara haske ne. "Za a ga tutar da aka kafa a wata?" A'a. Wata na nesa da mu kilomita 384,400 a matsakaici, kuma na'ura mai faɗin santimita 20 ba ta rarrabe abin da bai kai kilomita ɗaya ko biyu ba a can. Kumbon LRO da aka harba a 2009, wanda ke zagaya watan, shi ya ɗauko hotunan wuraren saukar. "Me ya sa hoton ya kife?" Haka madubai ke juya shi, kuma a sama babu kai babu ƙafa. Wani zai rantse hoton Zuhal kuka manna a ciki. Ka ɗan taɓa bututun ya ga ya girgiza, ko ka bar shi ya ga yadda yake gusawa.

Za a samu mai tambayar abin da tauraronsa ke faɗa game da rayuwarsa, da mai gardamar cewa ba a taɓa zuwa wata ba. Amsa gajera cikin mutunci, a ce wannan ba fanninmu ba ne ko ga abin da muka sani, sai a ce "zo ka leƙa." Gardama a bakin na'ura layi take tsayarwa. Tambayar da ba ka san amsarta ba kuma ka ce a je a tambayi wane, ko ku duba tare a manhaja. Ƙirƙirar amsa ya fi rashin sani muni.

In girgije ya rufe

Idan gizagizai ne masu wucewa, kada ku tashi. Wata na ratsa siririn girgije, kuma jiran ya fito na da nasa daɗin. Idan ya rufe ruf, ga abin yi. Ƙwallon ƙafa a matsayin duniya, ƙwallon tanis a matsayin wata, a ce yara su tsaya inda suke zaton watan yake. Kusan kowa zai tsaya taku ɗaya ko biyu. Nisan gaskiya ninki 30 ne na faɗin duniya, wato wajen mita shida da rabi a ma'aunin ƙwallon. Fitila ɗaya a ɗaki mai duhu da ƙwallo a hannu, mutum yana juyawa a hankali, na nuna dalilin da wata ke ƙaruwa yana raguwa fiye da kowane zane. A kuma bar mutane su leƙa cikin bututu su ga madubin.

Tun kafin ranar ku duba shafin Heavens-Above ko Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa za ta ratsa a lokacin taronku. Tana tafiya a tsayin kusan kilomita 400, tana zagaye duniya cikin kimanin minti 90, kuma ana ganinta da ido, haske ne mai ƙarfi da ba ya ƙiftawa. Minti biyu kafin ta ɓullo a dakatar da layuka, a nuna wa kowa inda zai kalla, a gaya musu akwai mutane a ciki.

Idan taron na rana ne

Nan babu sassauci, domin kallon rana ta na'ura ba kariya na ƙona ido cikin ƙiftawa, ba tare da an ji zafi ba, kuma ba ya warkewa. Matatar hasken rana a gaban na'ura ake sa ta, ta rufe bakin gaba ɗaya, a ɗaure da tef yadda iska ko hannun yaro ba zai cire ta ba. Ƙaramar matatar da ake murɗawa a gilashin leƙe a jefar da ita, zafi na fasa ta. Kafin a ɗaura, a ɗaga matatar a duba ko ta huje ko ta karce. 'Yar na'urar nema a cire ta ko a rufe; da inuwar bututu a ƙasa ake saiti, in ta zama mafi ƙanƙanta an samu rana. Tabaran kallon husufi su kasance masu cika ƙa'idar ISO 12312-2, kuma na ido tsirara ne kawai, ba a leƙa na'ura da su. Baƙin tabarau na yau da kullum, gilashin da aka turara da hayaƙi, tsohon fim ɗin asibiti, duk ba sa karewa. Mai na'ura ba ya matsawa ko taku ɗaya sai ya rufe ta ya kawar da kanta.

Tashi

Minti goma sha biyar kafin lokaci a sanar cewa layi ya rufe, mutum ɗaya ya tsaya a ƙarshen kowane layi. Mai tarbar baƙi ya miƙa wa masu fita 'yar takarda mai ɗauke da ranar haɗuwarku ta gaba, da sunan manhajar, da abu ɗaya da za su iya nema da idonsu a wannan makon. Wanda ya tsaya har ƙarshe yana tambayar yadda ake saiti, a karɓi sunansa; daga irinsu ake samun sabbin 'yan ƙungiya.

Sai baƙi sun watse za a kunna farar fitila. A zagaye filin a jere a tsince murafai da sukurori da shara, a mayar da makunnin fitilu yadda aka same shi, a gaya wa mai wurin an tashi. Kafin kowa ya shiga mota, a rubuta mutum nawa suka zo, wane layi ya fi tsawo, me ya ƙare, me ba a taɓa ba. Na'urar da raɓa ta jiƙa kada a goge gilashinta, kada kuma a kulle ta a akwati. A kai ta ɗaki a bar ta a buɗe ta bushe, washegari a share gilasan leƙe da ruwan goge gilashi da ƙyalle mai laushi, a aika wa mai wurin saƙon godiya tare da tambayar ko za a sake samun filin lokacin da wata zai sake kai rabi.